Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga dattawan marubutanmu na Bauchi a kan korar labarin bincike

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Iyayenmu kuma malamanmu, ina gaishe ku gaisuwar girma, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da harshen nan shekara da shekaru, ba tare da wani ya ba ku ko sisi ba.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a cikin garin Bauchi. Na rubuto ne da yawun wasu matasa, maza da mata, da muke zama da su duk Asabar bayan la'asar muna karanta wa juna abin da muka rubuta. A cikinsu akwai ɗalibai, akwai tela, akwai mai gyaran waya a Wunti, akwai ma'aikaciyar jinya da ba ta samun zuwa sai ranar da ba ta da aikin dare. Su suka ɗora mini wannan nauyi, wai ni ce babba, ni ce ba za a ce wa marar kunya ba. To, in an ga rashin kunya a ciki, tawa ce ni kaɗai, a yafe mini.

Abin da ya kawo ni shi ne shawarar da kuka yanke a kan kundin gajerun labarai na matasa da kuke shirin fitarwa. Kun ce ba za ku karɓi labarin da ke da kisa, ko sata, ko fyaɗe, ko shaye-shaye, ko binciken 'yan sanda a ciki ba, domin irin wannan yana koya wa yara ɓarna; labarin tarbiyya da faɗakarwa kawai kuke so. Sau biyu muna tura wakili ya same ku, sau biyu ana ce masa an riga an rufe magana. Shi ya sa muka fito fili. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara fayyace abin da muke karewa, don na ga kamar an haɗa shi da wani abu daban. Labarin bincike yana farawa ne da abin da ya riga ya auku: an tsinci gawa a bayan gari, yarinya ta fita talla ba ta dawo ba, kuɗin haƙa rijiyar unguwa sun yi ɓatan dabo. Sai wani ya tashi ya bi diddigi, yana tambaya, yana haɗa wannan da wancan, mai karatu na biye da shi, har a gano bakin zaren. Gwarzon irin wannan labari mai tambaya ne, makaminsa ido da kunne da haƙuri. Masana kan danganta farkonsa da Edgar Allan Poe na Amurka a 1841, sannan Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Amma mu ba sai mun je aro ba. Duk yaron da ya kai Suratu Yusuf a allo ya ga yadda riga ta zama shaida: wadda aka kawo wa Annabi Yaƙubu da jinin ƙarya bai gamsu ba, da wadda aka duba aka ga ta baya ta yage, aka wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Allah ya tsare ni da kwatanta ƙagaggen labari da Littafinsa. Nufina kawai, duba alama kafin a yanke hukunci tarbiyya ce da muka tashi da ita tun daga makarantar allo.

Kukanmu na farko, kun yi mana kuɗin goro. Ba na musun cewa tsoronku yana da tushe. Ni kaina na karanta rubutun da ya zayyana fyaɗe kamar ana tallarsa, na karanta wanda ya jero sunayen ƙwayoyi da yadda ake haɗa su kamar mai rubuta takardar magani. Na mayar wa masu su, na kuma faɗa musu dalili. Wannan aikin jan biro ne, ba na rufe ƙofa ba. Da kuka rufe, yaran ba su daina rubutu ba. Sun kwashi kayansu sun koma zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu kuma ana karanta musu a YouTube, inda babu babba ko ɗaya da zai ce wannan layin bai dace ba. Abin da kuke gudu can ya fi yawa. Labarai huɗu daga zamanmu na Asabar sun riga sun tafi can a makonnin nan, ba gyara, ba tacewa. Biyu daga ciki da sun bi ta hannunku da sun zama abin nunawa.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kansa.

Goggona, Allah ya jiƙanta, ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Ina 'yar shekara goma sha uku aka aiko kiranta da asuba: wata amarya ce ta rasu, ba ta cika wata biyar a ɗakinta ba, an ce zazzaɓin dare ɗaya ne. Goggo ta je ta dawo kafin hantsi. Ba ta karya ba ranar. Ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi har azahar, da mahaifiyata ta matsa mata sai ta ce, "Na ga abin da na gani." Iyakar maganar ke nan. Kafin ta dawo gida ma an kai yarinyar makwancinta. Aka yi zaman makoki, aka yi addu'ar uku da ta bakwai, iyayenta suka ce sun bar wa Allah. Babu wanda ya tambayi Goggo abin da ta gani, har ita ma ta bi ta.

Na san an hori mai wanka da ya suturta mamaci, kuma horo ne mai kyau. Na girma ina tambayar kaina: asirin wa aka rufa a ranar, na yarinyar ko na wanda ya bar mata abin da Goggo ta gani? Littafin da ya hore mu da sutura shi ne ya ce a ƙarshen Baƙara kada a ɓoye shaida. Wannan tsaka-mai-wuya da tsohuwa ta shiga, tsakanin amanar gawa da haƙƙin rai, ba wanda zai iya hawa mumbari ya warware ta da sunan wani gida, ba ɗan jaridar da zai buga ta ba a kai shi kotu ba. Ƙagaggen labari ne kaɗai ke iya shiga ɗakin nan ba tare da ya tona asirin kowa ba, domin amaryar cikinsa ba 'yar kowa ba ce, kuma 'yar kowa ce. Mu al'umma ce da ke binne mamaci cikin 'yan sa'o'i, ba kasafai muke yarda likita ya binciki gawa ba, muna da kunya, muna da kara, muna da "a bar maganar saboda zumunci". Duk waɗannan suna da alherinsu, amma a ƙarƙashinsu ne mugu ke samun inuwa. Labarin bincike shi ne nau'in rubutun da ke cewa: mun yarda da ƙaddara, amma wa ya shiga ɗakin bayan isha'i?

A nan ne kuma yake taɓa matsalolin jama'a ba tare da ya koma wa'azi ba. Mai bin sawun yarinyar da ta ɓata dole ya bi ta tasha, ya ga wa ke sayen gyaɗarta da ƙarfe goma na dare. Dole ya shiga gidansu, ya ga uban da ya saki uwar da 'ya'ya shida ba ko mudun masara. Dole ya je makarantar da aka cire ta, ya ji dalilin cirewar. Marubuci bai ce "talla ba kyau" ko sau ɗaya ba, amma mai karatu ya rufe littafin ya san abin da ke fitar da yarinya talla, ya san wa ke cin ribarta. A Suwidin, Maj Sjöwall da Per Wahlöö sun rubuta littattafan 'yan sanda guda goma tsakanin 1965 da 1975 da niyyar nuna tsatsar da ke ƙarƙashin ƙasar da duniya ke yaba wa da walwala. In masu ƙoshi sun ga buƙatar haka, ina ga mu? A 2019 an gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai su jihar Anambra. Wace uwa ce a Bauchi ba ta ƙara riƙe hannun ɗanta ba da ta ji labarin? Yau in ɗalibata ta rubuta labarin uwa mai neman ɗanta da aka sace, ƙa'idarku ta ce ba ya shiga.

Wannan ya sa dole in tuna muku abin da kuka fi ni sani. Littafin da garin nan ke alfahari da shi, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai da aka shirya a Zariya a 1933, labarin yaron da aka sace ne, da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Da ƙa'idarku aka bi a Zariya a wancan lokacin, da an mayar wa malamin makaranta daga Bauchi da rubutunsa. Wata gasar kuma ta ba mu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1982, wanda ya shiga duniyar 'yan fasa-ƙwauri, an kuma karanta shi a makarantu ba a ce ya koya wa kowa fasa-ƙwauri ba. Ba na ma son in taɓo Malam Sa'adu Zungur, wanda a shekarun 1940 shi da Malam Aminu Kano suka mai da garin nan dandalin tambayoyin da manya ba sa son ji. Mun sa wa jami'o'i biyu sunan Ɓalewa da na Zungur. Sunan kawai muka gada?

Na uku. Wakilinmu ya dawo mana da wata magana da aka faɗa masa a baki: in dole sai an saka laifi a labari, to mai laifin ya zama ɗan shaye-shaye ko boka, ya tuba kafin shafin ƙarshe, kada kuma a taɓa mai rawani, ko mai kaki, ko mai kujera. Ranku ya daɗe, wannan sassauci ya fi haramcin illa. Kowa a garin nan ya san 'yan sara-suka, kamar yadda maƙwabtanmu na Gombe suka san 'yan kalare. Yaron da ke riƙe da adda shi ne ƙarshen igiya. Wa ke ba shi kuɗin ƙwaya in zaɓe ya matso? Wa ke zuwa belinsa kafin gari ya waye? Wa ke sayen wayar da ya ƙwace? Da aka fallasa cinikin maganin tari mai kodin a 2018, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi, ai an ga kwalaben ba daga kango suke fitowa ba. Ta hannun masu rajista da ofis suke bi kafin su iso lungu. Labarin da ya tsaya a kan yaron ya bar ɓarawon zaune, rabin gaskiya ya faɗa, kuma rabin da ba ya buƙatar ƙarfin hali.

Akwai illa ta biyu a ciki. Idan kullum mai laifi a littafi shi ne mai yagaggiyar riga, muna ƙara wa mutane abin da suke da shi da ma. Abu ya ɓata a gida, 'yar aiki ake fara tuɓewa. An yi sata a layi, almajiri ake fara kamawa. Yaro ya kwanta ciwo, tsohuwar da ba ta da gata ce mayya. Wani ya yi ihun "ɓarawo" a kasuwa, kafin a tambayi me ya sata an fara neman taya da fetur. Mun yi kuka, kuma da gaskiyarmu, da aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 bisa zato kawai; amma mu ma hannunmu ba fari ba ne a irin wannan. Dabarar farko ta labarin bincike ita ce ya sa ka zargi mutum, ka tabbata shi ne, sannan ya nuna maka ka zalunce shi. Yaron da ya sha wannan kunyar sau goma a cikin littafi zai yi jinkirin ɗaukar dutse. Ayar Hujurati da ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, ba ni da wata hanyar koyar da ita ga 'yan aji biyar da ta fi wannan shiga jiki.

Na huɗu sakaci ne, kuma ba na jiya ba ne. Kuna kukan cewa labaran binciken da yaranmu ke rubutawa kwaikwayon finafinan waje ne. Gaskiya ne. Na sha karanta labarin da aka ce a Yalwa ya faru, amma jami'in ciki na sanye da doguwar kwat a watan Afrilu, yana aika gashin mutum ɗakin gwaji sakamako ya dawo kafin magariba. Iyayensu ma haka suka tashi da littattafan James Hadley Chase a ƙarƙashin benci, mutumin da shi kansa ɗan Ingila ne da ya dinga rubuta Amurka da taimakon taswira da ƙamus. Kwaikwayon mai kwaikwayo ke nan. To amma wa ya taɓa zaunar da su ya nuna musu nasu? Ba su san cewa tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu ba. Ba su san cewa kotun majistare ba ta yanke shari'ar kisa ba, sai dai ta tura mutum gidan gyaran hali ya zauna jiran shawarar ma'aikatar shari'a, jiran da kan cinye shekaru, har masu jiran shari'a suka fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa a gidajen yarin ƙasar nan. Ba su san inda dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code ta tsaya da inda kotun shari'ar Musulunci ta fara ba, balle maganar diyya da afuwar magada. Sun ga an rubuta beli kyauta ne a bango, sun kuma ga abin da kawunsu ya biya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labari ne guda. Kuma mai bincikenmu ba sai ya zama ɗan sanda ba: ga mai unguwa, ga ungozoma, ga maharbi mai bin sawu, ga ɗan banga, ga mai shayin bakin tasha da ba abin da ke wuce shi, ga irin Goggo. A cikinku akwai tsofaffin alƙalai, da 'yan jarida, da malaman jami'a. Ilimin yana hannunku, ba ku miƙo ba, sannan kuka hukunta yaran a kan rashinsa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku janye wannan ƙa'ida kafin a rufe karɓar labarai, ku kuma ƙara wa'adi ko da na wata ɗaya ne, don waɗanda suka janye rubutunsu su dawo da shi. A madadinta ku rubuta sharuɗɗa bayyanannu, mu ma za mu sa hannu: ba batsa, ba koyar da yadda ake haɗa ƙwaya ko guba, ba ambaton gida ko mutum na gaske, ba jingina laifi ga ƙabila ko addini. Wanda ya karya, a mayar masa da dalili a rubuce, ya gyara ya sake kawowa.

Ku janye maganar wanda za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba. In labari ya kai ga ƙofar mai kujera, a bar shi ya yi sallama. Haka kuma kada a tilasta wa marubuci tubar dole a shafin ƙarshe. Wani mugun ba ya tuba, yaran kuma sun san haka.

Ku ware wa labarin bincike gurbi a kundin, ko labarai uku ne, ku sa mace aƙalla ɗaya a cikin masu tantancewa. Akwai abin da ke faruwa a tsakar gida da namiji ba zai gane ko gaskiya aka rubuta ba.

Ku shirya mana zama na yini ɗaya da lauya, da likita, da ɗan sandan da ya yi ritaya, da malamin fiƙihu, yaran su yi tambaya su ƙoshi. Ba ma neman kuɗin mota ko na abinci. Aji da benci ni zan nema, tabarma da ruwa kuma mun ɗauka.

Na ƙarshe, ku zo zamanmu na Asabar, ko mutum biyu ne daga cikinku. Akwai wata ɗalibata da ta rubuta labarin wata ungozoma da ta lura cewa jarirai uku da ta karɓa a gida ɗaya ba wanda ya kai suna, ta ƙi yarda da maganar iska, ta fara ƙirga wanda ke shiga ɗakin mai jego. Shafi goma sha ɗaya ne a littafin rubutu na makaranta. Ranar da ta ji shawararku ta ce za ta yaga shi, na karɓe na ajiye a jakata. Ku saurare shi daga bakinta, in kun ji ɓarna a ciki ku nuna mana layin, ni da hannuna zan soke shi. Muna zama daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, wakilinmu kuma ya san gidajenku, zai zo ya yi muku jagora.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

'Yarku,
Malamar Hausa, a madadin matasa masu zaman karatu na Asabar,
Bauchi.